Layi 11 da suka ci mana mako 6

Har yau in na ji wani ya ce "na wucin gadi ne, daga baya za mu cire," sai gabana ya faɗi. Ni na faɗi wannan magana da bakina, wata Alhamis da yamma, a wani kamfani da ke kudancin Jamus inda muke ƙera ƙwaƙwalwar sitiyarin lantarki, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi, muna sayar wa masu haɗa motoci. Layi 11 kacal na ƙara a manhajar ranar, ko rabin awa ban yi ba.

Mutanen masana'anta ne suka kawo kuka. A ƙarshen layin haɗawa, kafin a sa kowace ƙwaƙwalwa a kwali, sai an sa ɗan injin da ke taya direba murza sitiyari ya juya dama ya juya hagu, a tabbatar yana da rai. Hanyar da muka ba su tana da tsawo, don sai na'urar gwaji ta nemi izini tukuna: ƙwaƙwalwar ta ba ta lamba, ta yi lissafi ta mayar da amsa, sannan a buɗe mata. Masu aikin sun san shi, umarni na 0x27 ne a UDS, ƙa'idar da na'urar gwaji ke magana da ƙwaƙwalwar mota da ita. 'Yan daƙiƙoƙi ne, amma su can da daƙiƙa ake auna su. Shugaban layin ya kira ni har sau uku a yini ɗaya. Sai na yanka masa 'yar ƙofar baya: umarni guda, ba neman izini, ba duba ko motar tana tsaye ko tana gudu. Me zai sa in duba gudu? A kan tebur ake gwajin, ba taya ba titi.

Da a nan na tsaya, da an kama ni da wuri. Abin da na yi bayan haka shi ne ainihin laifin, kuma shi ke hana ni barci.

Automotive SPICE, ma'aunin da ake tantance yadda muke gina manhaja da shi, wanda ƙungiyar masu ƙera motoci ta Jamus, VDA, ke kula da shi, ya kafe a kan bin sawu gaba da baya. Kowace buƙata da aka rubuta sai a ga inda aka gina ta da inda aka gwada ta, kowane yanki na manhaja kuma sai ya nuna buƙatar da ta haife shi. Layukana ba su da uwa, don haka allon bin sawu ya yi ja. Rubuta sabuwar buƙata na nufin takardar neman canji, zaman kwamiti, sa hannun mutum uku, mako guda a ƙalla. Sai na lalubo wata tsohuwar buƙata mai faɗin baki, wadda ta ce ƙwaƙwalwar za ta ba da damar gwajin ƙarshen layi, na rataya layukana a jikinta. Allo ya koma kore. Na kashe kwamfuta na tafi kama jirgin ƙasa da farin ciki.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, mutanen kiyaye haɗari ba sa karanta layukan manhaja ɗaya bayan ɗaya. Buƙatu suke karantawa. Su ne masu aiki da ISO 26262, ƙa'idar kiyaye haɗari a kayan lantarkin mota, wadda ta fito a 2011 aka sabunta ta a 2018, kuma sun daɗe da yanke hukunci a kan kayanmu: sitiyari ya murɗa kansa mota na gudu, raunin na kisa ne, yanayin na kullum ne, direba kuma ba zai iya shawo kanta ba. Wato matakin haɗari na ASIL D, babu na sama da shi. Duk hanyar da suka san za a iya motsa injin nan sun yi mata shinge. Tawa ba su san da ita ba. Haka ma masu tsaron kutse da suka zauna nazarin barazana bisa tasu ƙa'idar, ISO/SAE 21434, jerin ƙofofin da aka ba su suka bi, tawa kuwa ba ta ciki.

Ana cikin haka aka zo tantance mu. Kwana huɗu masu tantancewa suna zaro buƙatu nan da can suna bin zarensu har wurin gwaji. Ba su zaro tawa ba. Muka sami mataki na 2 na Automotive SPICE da abokin cinikinmu ya gindaya mana, ogana ya sayo kek, ni ma na ci yanka biyu. Wallahi lokacin na manta da layukan gaba ɗaya.

Wata uku bayan haka, saura mako uku a fara kai kaya, aka kawo masu gwajin kutse daga waje. Ba ra'ayinmu ba ne. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba R155, ta tsare motoci daga kutse, ta zama tilas a Tarayyar Turai ga sababbin samfura tun Yulin 2022, ga duk sabuwar mota kuma daga Yulin 2024, kuma ba wasa ake da ita ba: a kanta Porsche ta janye tsohuwar Macan mai fetur daga kasuwar Tarayyar. Mai haɗa mota sai ya nuna wa hukuma cewa masu kawo masa kaya ma ya sa musu ido.

Wata mata ce ta zo, da ƙaramar kwamfuta da wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba. Ta jona ta a wayoyin CAN na teburin gwajinmu, waɗanda na'urorin mota ke aika wa juna saƙo ta cikinsu, ta ce a sa ƙwaƙwalwar ta ɗauka motar tana kilomita 120 a awa, ta saki wani ɗan shiri da ke ƙwanƙwasa lambobin umarni ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki kofinta ta nufi wurin shayi. Ina tsaye ina magana da wani sai muka ji ƙara, fat! Sitiyarin da ke ɗaure a teburin ya wulwula hagu har ƙarshe ya dawo, takardun da ke kansa suka zube ƙasa. Ta dawo ta leƙa allo ta karanto lambar. Kafin ta kai ƙarshe na gane ta. Ni na zaɓe ta.

Kamar kowane mai laifi, sai na fara kare kaina. Na ce ai a cikin mota akwai na'ura mai gadin ƙofa tsakanin soket ɗin OBD, inda ake jona na'urar duba mota, da sitiyari, ba kowa zai iso nan ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce CAN tun da Bosch ta fito da shi a 1986 ba ya tambayar wa ya aiko saƙo, duk wanda ya hau wayar ɗan gida ne. Ta tuna min motar Jeep Cherokee, wadda masu bincike Charlie Miller da Chris Valasek suka shiga ta rediyonta daga nesa a 2015, har Fiat Chrysler ta kira motoci miliyan 1.4. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga.

Amma ba Jeep ɗin ce ta kashe min baki ba. Tunanin gida ne. Na san inda motocin nan ke ƙarewa bayan shekara 10 ko 15: Kwatano, daga nan Kano ko Maraɗi. Na tuna garejin ɗan uwana kusa da Ƙofar Ruwa, inda yaro zai jona na'urar duba mota mai araha ya yi ta danne-danne har wutar dashbod ta mutu, a ciro ƙwaƙwalwa daga wannan mota a dasa a waccan, a yanke abin da ya tsaya a hanya. Mai gadin ƙofar da nake tutiya da shi, can ba lallai ya kai labari ba.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, don haka da kaina na je wurin oga kafin rahoto ya isa. Ya saurara har na gama. Ƙofar bayan ba ta dame shi sosai ba, ya ce kowa ya taɓa yin irinta. Da na zo kan ratayen buƙatar ne ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Wato ka ga ja." Na ce na gani.

Gyaran yini ɗaya ne: a mayar da neman izini, a ƙi umarnin in ba mota tsaye take cik ba, a kashe shi har abada da zarar kaya ya bar masana'anta. Abin da ya biyo baya shi ya ci mako 6. Taɓa manhajar ASIL D na nufin nazarin tasirin canji, sake gwaje-gwaje tun daga ƙananan sassa har kan mota a fili, sabunta hujjar kiyaye haɗari, sake buɗe nazarin barazana. Aka kwance kwalayen da ke sito aka sake ɗora wa kowace ƙwaƙwalwa manhaja. Mafi ciwo, abokin cinikin ya ce tunda an sami rataye ɗaya na ƙarya, a sake bin duka. Mutum biyar muka zauna muna buɗe mahaɗi bayan mahaɗi. An sami wasu huɗu irin nawa, ba nawa ba, duk ba masu haɗari ba. Ban yi murna a fili ba, amma na ji sanyi a raina.

Har yanzu ina jin haushin shugaban layin nan, wanda a taron bita ya ce shi bai taɓa cewa a cire izini ba, sauri kawai ya nema. Gaskiyarsa ce kuma, shi ya fi ba ni haushi. Ina kuma jin haushin allon da ke nuna kore ɗari bisa ɗari, don mahaɗi yake ƙirgawa, bai san ko gaskiya ke cikinsu ba.

Yanzu in aka ba ni aikin wani in duba, ba na farawa daga buƙata in gangaro. Daga layin nake hawa sama, in karanta buƙatar da aka rataya shi a jiki, in tambayi kaina: da wannan jimlar kaɗai na karanta, zan san layin nan yana nan? Duk buƙatar da na ga 'ya'yanta sun yi yawa, nan nake kafa kujera. Kuma duk umarnin da ke motsa wani abu a mota, ko na tebur ne, sai na kai shi gaban masu kiyaye haɗari da masu tsaro a zama ɗaya, don a da kowa ɗakinsa daban.

Makon jiya wani sabon yaro ya zo da kwamfutarsa, allonsa ya yi ja, yana tambaya ko akwai wata buƙata da zai iya haɗawa da ita kafin Juma'a. Na ce ya jawo kujera. Na buɗe masa bidiyon sitiyarin nan, daƙiƙa tara ne, na ƙara murya.