Ɗaki biyu da na gina da jar ƙasa a Maraɗi

Ranar da na ce da jar ƙasa zan yi gini, kawuna ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi boko, gidan ƙasa za ka koma?" Maganarsa ta yi mini zafi, amma na san inda ta fito. A wurinmu siminti da kwano su ne shaidar mutum ya samu.

Gidajen Niamey 2000 ne suka sa mini wannan ra'ayi. Gidaje shida ne masu bene a Yamai, an kammala su a 2016, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana su domin masu matsakaicin ƙarfi. 'Yar Nijar ce, ta fara da karatun kwamfuta a Amurka kafin ta koma zanen gini. Abin da ya kama ni shi ne ba ta raina zamanmu ba. Ta bar tsakar gida, ta kare mutanen gida daga idon masu wucewa, ta yi bango da bulon ƙasa wanda inji ke matsewa, da ɗan siminti kaɗan a ciki. Haka ta yi a ƙauyen Dandaji da ke jihar Tahoua, inda tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu aka gina sabo a gefensa.

Bulona na farko asara ya zama. Na yi gaggawa, na shanya shi a rana kamar tubali, ya tsage. Irin wannan bulo inuwa yake so: a lulluɓe shi da leda, a riƙa yayyafa masa ruwa, a jira kusan mako huɗu. Ƙasar ma sai an tankaɗe ta, in yumɓu ya yi yawa a ƙara yashi. Magini ya sa na ɗaga harsashi da dutse, muka kuma fito da bakin rufi sosai don kada ruwan damina ya ci bango.

Kuɗin ginin bai ragu yadda na zata ba, ladan ƙwararren magini ya cinye rabin rarar. A watan Afrilu na ga ribar. Maƙwabta suna kwana a waje saboda zafi, 'ya'yana suna barcin rana a ɗaki. Kawu ya zo, ya dafa bangon, ya tambaye ni inda na yi hayar injin.