Abin da na tarar a ƙarƙashin teburin yanka

Shagona yana unguwar Aboabo a Kumasi, ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa a gaba, kekuna huɗu da teburin yanka. Tun 2006 nake cikinsa, shekarar da uwar ɗakina ta yaye ni bayan na yi shekara uku ina koyon ɗinki a hannunta a Asawase. Daga ranar da na shiga har azumin 2025 ban taɓa fitar da kayan ɗakin nan gaba ɗaya na ga ƙasansa ba. Shara kam kullum da safe ana yi, yara su share iya inda tsintsiya ta kai, sauran kuma a tura shi ƙarƙashin tebur. Maganata a bakin kowace yarinya da ta koyi aiki a wurina ita ce ajiya maganin wata rana, don haka ko guntun ƙyalle kamar tafin hannu ba a zubarwa.

Abu biyu ne suka haɗu mini a cikin azumin nan. Wata da nake yi wa ɗinki tun tana budurwa ta dawo da kaba da na yi mata, ɗinkin hammata ya buɗe tun daga sama har kusan ƙugu, kuma a gidan suna abin ya same ta, cikin mutane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye rigar a kan tebur ta ce, "Anti, wannan ba hannunki ba ne." Hannuna ne kuwa. Da na duba sai na ga yadin lafiyarsa ƙalau, zaren ne ya tsittsinke. Na tuna inda na ɗauko shi: cikin wani tsohon gwangwani da uwar ɗakina ta ba ni ranar yaye, zaren auduga mai launin jinin kare wanda ya dace da atamfar kamar don ita aka yi shi. Na yi murna da na same shi a lokacin, ban san ya daɗe da mutuwa ba. Kwana kaɗan bayan haka gobara ta tashi a Adum, cikin Kumasi, ta cinye shagunan mutane, ga kuma ta Kantamanto a Accra da aka yi a farkon shekarar ba a gama jajenta ba. Da daddare ina guga, idona ya kai kan buhunan ƙyallaye da ke jingine da bango, daidai ƙarƙashin inda muke jona dutsen guga. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Bayan ƙaramar salla na rufe shago kwana uku. Ga mai ci da allura wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma lokacin aiki ya yi sauƙi, ruwan sama kuma bai kankama ba tukuna. Muka shimfiɗa tabarmi a rumfa, ni da yarana uku, muka kwaso komai waje.

Da zare muka fara, shi ne kuma ya fi ba ni kunya a gaban yaran. Baƙin zare kaɗai mun ƙirga 17, yawancinsu an taɓa su an bari. Ruwan toka, wanda sau biyu a cikin azumin na aiki yarinya kasuwar Kejetia ta sayo saboda mun neme shi mun rasa, ga shi nan guda huɗu a cikin wata leda. Kuɗin motar aiken, da kuɗin zaren, da wunin yarinyar, duk a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Na sa kowacce ta warware zare kamar tsawon kamu biyu, ta naɗe bakinsa a yatsun hannu biyu ta fizga. Mai rai yana gardama, har ya yi wa yatsa shaida kafin ya tsinke. Matacce kuwa kamar yanar gizo, ko ƙara ba ya yi. Zaren auduga shi ne ya fi mutuwa, don ba ya shiri da laima, Kumasi kuwa damina biyu muke yi a shekara, bangon shago yana yin sanyi har ya yi fumfuna. Na roba, wanda ake kira foliyesta, ya fi jimiri, amma shi ma wanda ya daɗe a bakin taga rana ta cinye launinsa ta gefe ɗaya, idan ka warware sai ka ga sama ya koɗe ciki yana nan da kyansa. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne, amma zare ba zuma ba ne. Gwangwanin uwar ɗakina kusan duk abin da ke ciki ya tafi shara. Gwangwanin na riƙe, maɓallai ne a cikinsa yanzu.

A nan na yi kuskuren da ya ɗauke ni mako biyu kafin na gane shi. Na sa kafinta ya buga mini allo mai ƙusoshi a karkace, na jera zaren bisa launi, daga fari zuwa ruwan ƙwai, zuwa ja, zuwa shuɗi, har baƙi. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Sai ga ƙaramar yarinyata, wadda ba ta cika wata shida da zuwa ba, ta ɗauki zaren aiki mai sheƙi ta haɗa gefen siket da shi, saboda launinsa ne ya fi dacewa. Ba laifinta ba ne, ni na ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Zaren aiki na ado ne, an yi shi don ya kwanta a wuyan riga ya yi ƙyalli, ba ya ɗaukar nauyin jiki. Na sauke allon na sake jeri. Yanzu iri ne farko, launi na biye: zaren haɗi wurinsa daban, manyan da muke sa wa injin gyaran baki wurinsu daban, na aiki yana cikin akwatinsa, na roba mai talewa da muke tattara ƙugu da shi nesa da taga, don zafi yana kashe shi da wuri. A kan allo ba na barin komai sai launukan da muke taɓawa kowace rana. Sauran suna cikin robobi masu murfi da ake ganin cikinsu. Duk wanda ya taɓa buɗe shago da safe a lokacin hunturu ya san yadda ƙura ke kwanciya a kan komai, kuma ƙurar da ta hau zare cikin keke take ƙarewa, ta taru a wurin kwarkwaro har ɗinki ya riƙa tsalle.

Kwarkwaro ma da nasa. Da, idan muna sauri, sai mu naɗa sabon launi a kan ragowar tsohon, har ka sami kwarkwaro ɗaya da launi uku. Na hana. Na ƙaro kwarkwaro, ba su da tsada, kowanne yana zaune a kan ƙusa ɗaya da zaren da aka naɗo shi daga jikinsa.

Tantance zaren aikin yini ɗaya ne. Kwana biyun da suka rage buhunan ƙyallaye suka cinye su, kuma a nan ne zancen ya tashi daga gyaran ɗaki ya koma wani abu. Muna zazzagewa ina gane su ɗaya bayan ɗaya. Wannan atamfar GTP ta matar mai gidan da muke haya ce. Wannan shaddar ta bikin ƙanwar wance ce. Wannan leshin na ankon da aka yi shekarar da mahaifina ya rasu. Wasu ba guntaye ba ne, akwai mai rabin yadi, akwai mai kusan yadi guda. Mace ta kawo turmi, yadi 6, a fitar mata da riga da siket, abin da ya saura idan ba ta tambaya ba sai a naɗe a jefa a buhu, da sunan wata rana za ta dawo gyara. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin cin haƙƙi ba, haka na tarar ana yi. Amma ina zaune a kan tabarma tsakiyar kayan mutane na shekara 19, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Da yamma na je wurin malamin da ke koyar da mu a makarantar dare. Na ce, "Malam, Allah ya gafarta, ragowar yadin da ke hannun tela na wa ne?" Ya tambaye ni ko masu shi sun ce sun bar mini. Na ce wasu sun ce, da yawa kuma ba mu taɓa yin maganar ba. Ya ce ɗan abin da kowa ya san ba a waiwayarsa, wanda ko an miƙa wa mai shi zai ce a zubar, wannan al'ada ta yafe shi. Amma abin da zai yi ɗankwali ko rigar jariri, dukiyar mai shi ce har sai ya buɗe baki ya ce ya bari. Ya ƙara da cewa tambaya ba ta da tsada.

Washegari muka ware. Duk wanda na gane mai shi, muka goge muka naɗe muka rubuta suna a takarda muka maƙala. Na bi su ta waya da WhatsApp, wasu na aika yara gidajensu. Yawancinsu dariya suka yi suka ce in riƙe, sai dai yanzu da bakinsu suka faɗa. Wata tsohuwa a Asawase ta karɓi nata da hannu biyu ta ce dama tana neman abin da za ta yi wa jikarta zanen goyo. Waɗanda aka bar mini muka wanke su tukuna, don atamfa tana shiga ruwa ta ɗan tsuke, wata kuma tana zuba. Muka yanka su murabba'i, inci 4 kowane gefe, auduga da auduga, ba ma haɗa mai nauyi da marar nauyi don kada ɗinkin ya ja gefe ɗaya. Irin haɗe-haɗen nan da Asantawa ke kira asasawa, shi yara suke koyon miƙe layi da shi yanzu, muna fitar da shimfiɗar jarirai da rigar filo. Tun daga lokacin, kafin in sa almakashi a yadin kowa sai na tambaye ta abin da za a yi da ragowa, in rubuta amsar a littafi kusa da awonta.

Akwai abin da ban fitar ba duk da yara sun so. Tsohuwar Butterfly, keken ɗinki na ƙafa, da dutsen guga na gawayi suna nan. Wanda ya yi ɗinki a 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, wuta ta tafi yini guda, ba zai yi gangancin rabuwa da su ba. Na dai sa mata mai na rufe ta da zane, gawayin kuma ya koma waje, nesa da yadi.

A can ƙarshen teburin, jikin bango, muka jawo wata jaka da ta cika da ɗinkakkun kayan da ba a zo an karɓa ba. Akwai tsohon littafina a ciki, farashin ma da tsohon sidi aka rubuta, na kafin canjin kuɗin 2007 da aka mai da dubu goma ta zama sidi ɗaya. Cikin kayan akwai doguwar riga ta shuɗiyar shadda, an gama ta har guga, da suna a takarda a wuyanta. Na san mai ita. Ta biya rabin kuɗi, ta kwanta ciwo kafin salla, ba ta tashi ba. Na je gaisuwar rasuwarta a lokacin, rigar kuwa ta fita daga raina kwata-kwata.

Ban aiki kowa ba, da kaina na je. 'Yarta tana aure a Sawaba yanzu, da yara biyu. Muka gaisa, ta kawo mini ruwa, na rasa ta inda zan fara, sai kawai na buɗe ledar. Ta ɗaga rigar ta kafaɗu ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Anti, tare muka je Kejetia da Mma muka sayi shaddar nan, ni na zaɓi launin." Ta kai ta fuskarta, ko da yake babu abin da za ta shaƙa a jiki sai ƙamshin ajiya, don mai ita ba ta taɓa sa ta ba. Ta tashi za ta ɗauko cikon kuɗi, na ce ta zauna. Na roƙe ta ta yafe mini jinkirin, muka yi wa mamaciyar addu'a.

Riga biyu ne suka rage a jakar, na yara maza, babu suna a jikinsu, littafin ma bai nuna komai ba. Na wanke su na rataye a rumfa, ta gefen da masu wucewa zuwa masallaci suke gani.