Tayin hayar da na janye kafin a sa hannu

Bayan tsohon ɗan hayana ya tashi, wani mutum ya zo ya duba gidan, ya ce ya yi masa. Muka daidaita kan kuɗi da ranar shiga, na aika masa takardar yarjejeniya domin ya karanta ya sa hannu. Daga nan sai shiru. In na kira ya ce gobe, in goben ta zo ya ce yana jiran ya ji daga wurin aikinsa. Masu nema kuwa suna ta tambaya, ni kuma ina ce musu an kama.

Da abin ya ishe ni sai na tuntuɓi lauya. Bayanin da ya yi mini bai da tsawo. Tayi dai tayi ne, mai shi yana da ikon janye shi muddin ɗaya ɓangaren bai karɓa ba. Sai dai janyewar ba ta aiki sai ta isa ga mutumin, niyyar da ke cikin zuciyata ba ta wadatar ba. Idan ya sa hannu ya mayar da takardar kafin janyewar ta isa gare shi, to magana ta ƙullu. A wasu dokokin ma ana lissafa karɓar daga lokacin da ya aiko, tun takardar ba ta iso hannuna ba.

Sannan ya jero mini tambayoyin da suka fi ba ni tsoro. Na karɓi kuɗin haya? Na ba shi makulli? Ya shigar da kaya? Dalilinsa shi ne rashin sa hannu ba kullum yake nufin babu yarjejeniya ba. A ƙasashe da dama, gajeriyar haya tana iya ƙulluwa da fatar baki, kuma karɓar kuɗi ko miƙa makulli shaida ce mai ƙarfi cewa an amince. Ni kafin alƙalami kawai na karɓa don a riƙe masa gidan, makulli yana aljihuna.

Na rubuta masa saƙo gajere mai kwanan wata: tayin da na aika na janye shi daga yau, ga kuɗinka cif. Ban tsaya jera masa laifuffuka ba, don ba shari'a nake nema ba. Na ajiye shaidar aikawa da ta mayar da kuɗin. Ya ji haushi, har ya ce da na ƙara masa haƙuri, wataƙila kuma da gaskiyarsa ta wani fannin. Amma gidan da babu kowa a ciki cin kuɗi yake yi kullum.

Tun daga nan, duk takardar da zan aika sai na rubuta ranar da tayin zai faɗi da kansa, kuma ba na sa nawa hannun sai ɗan haya ya sa nasa.

Tsawon wa'adi ne ya fi cin tunanina da mai nema ta gaba. Ita shekara 2 ta so, don kada a ƙara mata kuɗi kuma kada yaranta su yi ta sauya makaranta. Hujja ce mai kyau, ni ma tana da amfani gare ni, tunda duk sauyin ɗan haya yana zuwa da fenti, gyare-gyare, kuɗin dillali da makonnin da gidan zai zauna fanko. Abin da ya sa na ja baya shi ne ban san ta ba. Doguwar yarjejeniya tana ɗaure mai gida kamar yadda take ɗaure ɗan haya: in kuɗin gyara ya tashi ba ka da halin ƙari, in zama bai yi daɗi ba dole ku jure wa juna har wa'adi ya cika. Wata 6 kuma ya yi kaɗan, kafin mutum ya gama zama an soma maganar tashi. Hayar wata-wata ta fi dacewa da mai shirin sayar da gida ko komawa cikinsa, ni kuwa ba na cikinsu.

Muka tsaya kan shekara guda, da sharaɗin cewa tana da damar sabuntawa, kuma muka rubuta iyakar abin da zan iya ƙarawa a shekara ta biyu. Wannan ya ba ta yawancin natsuwar da take nema. Muka kuma sa cewa bayan wata 6, duk wanda yake son fita zai ba ɗaya notis na wata 2 a rubuce. Ranar ƙarewar ma na duba ta, na matsar da ita zuwa lokacin da masu neman gida suka fi yawa, shi ya sa yarjejeniyar ta kai wata 13 maimakon 12.