Na Raka Abokina Ɗaurin Aure Bama

Duk wanda ya san hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san ba a wasa da lokaci a kanta, shi ya sa muna idar da sallar asuba muka nufi tasha. Ni da maƙwabcin rumfata ne a Kwari, ɗan asalin Bama, amma tun 2014 yake Kano, a nan ya yi aure ya haifi yara uku. Ƙanwarsa za a aurar a can garin nasu, uban ya rasu a lokacin gudun Boko Haram, don haka shi da kawunsa ne a kan maganar.

Wudil, Azare, Potiskum duk mun wuce su ba wani labari, sai gyangyaɗi da sayen ƙosai ta taga. Daga Damaturu ne motar ta yi tsit. Direba ya rage rediyo ya ƙara wuta, Benisheikh, Mainok, Jakana, kowane shinge ka sauke gilashi ka nuna katin shaida. Da muka zo Auno wani dattijo a kujerar baya ya fara salati, ya nuna mana gefen titi inda aka ƙona matafiya a watan Fabrairun 2020, mutanen da suka iso an riga an rufe hanyar shiga gari suka kwana a motocinsu, kusan 30 aka kashe. Ashe gudun da direba ke ta yi kenan, kar yamma ta yi mana a waje.

A Maiduguri gidan yayarsa muka sauka, a Gwange. Har yanzu akwai zanen ruwa a jikin bango, ya kai kafaɗata, na ambaliyar Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Matar ta ce kai dai bari, mun gudo daga wuta Allah ya jarrabe mu da ruwa, ta faɗa tana dariya tana zuba mana shayi. A gidan na haɗu da autansu, saurayi mai jan keke napep. Yana ɗan firamare aka gudo da shi daga Bama a ƙafa, a sansanin 'yan gudun hijira na Dalori ya girma, kuma abin da na lura shi ne yayar tana masa Barbarci yana mayar mata da Hausa, Hausar ma irin ta tasha. Abokina ya ce gobe dai tare za mu ko? Yaron ya ce zai je ya ga an shafa fatiha ya juyo a ranar, wai shi ba ya iya kwana a garin da ake rufewa da mutum a ciki, kuma mai keken kullum yake karɓar balas ɗinsa, ba ruwansa da bikin kowa.

Washegari muka hau mota a Tashar Bama. Tafiyar kilomita 70 ce ko kusa da haka, amma sai ka ji kamar ta fi. Mun wuce jami'a, mun wuce Dalori inda sansanin yake a da, tun da gwamna Zulum ya sanar za a rufe sansanonin cikin Maiduguri a ƙarshen 2021 aka riƙa kwashe mutane ana mayarwa garuruwansu, na Dalori a 2022 aka rufe. Sai Konduga, sai Kawuri. Abin da ya fi tsaya min a rai a hanyar nan ba sojoji ba ne, rashin bishiyoyi ne da rashin ƙauyuka, sai kango nan da can, sai mata da yara da damin itace a ka suna tafe a jere a gefen kwalta. Wani fasinja ya ce min daga nan idan ka miƙe kudu Sambisa ce, ya faɗa da muryar da mutum zai ce maka ga hanyar kasuwa.

Bama gari ne babba, kafin rikici ana lissafa shi na biyu a Borno bayan Maiduguri, ga fadar Shehu, ga kasuwancin kan iyaka ta Banki zuwa Kamaru. A Satumban 2014 ya faɗa hannun Boko Haram, sojoji suka ƙwato shi a Maris 2015, amma sai a 2018 lokacin gwamna Kashim Shettima aka buɗe hanya aka fara maido da mutane. A tsakanin nan ne, a 2016, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shiga sansanin da ke harabar babban asibitin garin suka ƙirga kaburbura sama da 1,200 a kusa da shi, yunwa ce da cuta. Yanzu in ka shiga za ka ga sabon fenti a makarantu da gidajen bakin titi, ka kutsa lungu kuma ka ga gida babu rufi ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Garin kewaye yake da rami, akwai ƙofofin fita, akwai lokacin fita da na dawowa, kuma akwai iyakar inda manomi zai kai.

Kawun nasa dattijo ne dogo mai farin gemu, muka same shi a zaure kan tabarma da carbi. Na durƙusa na ce Baba barka da gida, ya riƙe hannuna ya daɗe yana wushe wushe, ya tambayi Kano da mutanen Kano. A da mutumin nan yana noma firgi, dawar masakwa buhu buhu, yana da shanu, yana kai kaya Banki, gidansa ba a rasa baƙi. Gonar tana nan har gobe, ya nuna min da hannu wajen da take, ya ce tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a keke ba, amma ta wuce inda aka yarda a je, kuma kowa ya ji abin da aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari a Nuwamban 2020, ba mai son a kawo gawarsa saboda dawa.

To wa ke ciyar da gidan? Matarsa. Wannan shi ne abin da na gani da idona a kusan duk gidan da muka shiga gaisuwa. Bama dama an san ta da hula, amma a sansani ne mata da 'yan mata suka rungumi ɗinkin da gaske saboda ba abin yi, kuma katin karɓar abinci na ƙungiyoyin agaji a gidaje da yawa hannun mace aka ba. Iya, matar Baba, tana zaune a tsakar gida da 'yan mata kusan goma, kowacce da allura da zare, ita ke raba aiki, ita ke duba zane, in ɗinki ya karkace ta sa a warware ba ɗaga ƙafa, ga ƙaramar waya a ɗaure a bakin zani dillalan kasuwar Monday Market ta Maiduguri na kira. Hula mai kyau tana cin makonni kafin a gama ta. Ita ta yi wa amarya gado da katifa da kwanuka, kuma kamar yadda na fahimta ita ta ce an ba yaron, daga baya aka zo zaure aka sanar da Baba.

Maganar angon ce ta ɗan tayar da ƙura da daddare. Ɗan kato da gora ne, irin matasan da suka tashi tun 2013 suna taya sojoji, ubansa ɗan dako ne a kasuwa a zamanin da. Baba ya ce wa abokina da Barbarci, shi kuma ya fassara min daga baya, wai a da uban yaron nan ko zauren nan ba zai zauna ba sai dai ya tsaya a waje. Iya daga cikin gida ta jiyo ta ce a da ɗin kenan Alhaji, yanzu shi ke raka yaranka su yo itace su dawo da rai. Baba bai ce komai ba ya ci gaba da jan carbinsa. Ni dai a ganina Iya ta fi shi gaskiya, amma wallahi sai da na tausaya wa tsohon, mutum ya dawo gidansa na gado, ɗakinsa, zaurensa, kowa na durƙusa masa, amma ba a jiran ta bakinsa a kan komai.

Akwai kuma wata 'yar uwarsu da na ga tana ta hidimar girki ba ta shiga hirar kowa. Mijinta ya ɓace tun 2014, ba a san ko yana daji ba, ko yana tsare, ko ya mutu. Irinta suna da yawa, Red Cross ta yi rajistar mutane sama da 20,000 da suka ɓata a Najeriya, yawanci a wannan yankin. Malamai sun gaya mata a mazhabar Malikiyya in ta kai ƙara gaban alƙali za ta jira shekara huɗu sannan ta yi takaba ta yi aure, ita kuma ta ƙi kai ƙarar, saboda surukarta na raye kuma kullum cewa take ɗanta zai dawo, tun da ga na wasu nan suna dawowa.

Suna dawowa kuwa. Tun bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021 dubban mutane suka riƙa fitowa daga daji suna miƙa wuya, wasu mayaƙa, da yawa manoman da aka riƙe ne da matansu da yara. Ana ɗaurin aure da safe a ƙofar gida abokina ya taɓa ni da gwiwar hannu ya nuna min wani mutum da ido, siriri, yana can ƙarshen tabarma. Tare suka yi makarantar allo. Ya fito, hukuma ta tantance shi ta sallame shi, yanzu yana sayar da gawayi a layin, kuma gidan da ke kallon nasu na wata mata ce da aka yanka mijinta a shekarar da aka kama garin. Ba wanda ya ce shi ya yi, ba kuma wanda zai rantse ba shi ba ne. Da aka zo rabon goro da alawa yaron da ke rabo ya ɗan tsaya, ya waiga ya kalli Baba, Baba ya gyaɗa kai, aka ba shi. A nan kam an jira ta bakin tsohon. Abokina ya gaisa da mutumin hannu da hannu amma ban ji sun wuce lafiya lau ba, kuma da muka koma ciki sai da ya wanke fuska ya zauna shiru ya daɗe.

Autan kuwa ya cika alkawari, ana shafa fatiha ya cusa alawa a aljihu ya bi motar farko. Baba ya so ya tsayar da abokina da maganar ɗakin mahaifinsu da ke kango, ya ce ka dawo ka tayar da gidan ubanka, garin ba zai cika ba sai da 'ya'yansa. Shi kuma ya ce Baba zan aiko da bandir ɗin kwano da kuɗin siminti bayan sallah, amma yarana makaranta suke a Kano, uwarsu Bakanuwa ce, ko Barbarci ba sa ji. Aka bar ta a in Allah ya yarda.

Kafin mu fito na ce bari in ɗauki huluna ko goma in gwada a rumfa, a zatona za a min farashin baƙo. Ina! Iya ta zauna muka yi ciniki kamar a Kwari, ta san nawa ake sayarwa a Kano, ta san nawa direba ke karɓa ya kai saƙo, sisi ba ta rage min ba sai da na ƙara uku a kan goman. Ta sa jikarta ta rubuta lambata a bayan kwalin zare, ta ce ɗana in sun ƙare kar ka bi ta kan dillali, ni za ka kira. Muna Konduga a layin shinge wayata ta yi ƙara, ita ce, wai tana gwadawa ne ta ga ko lambar gaskiya na ba ta.