Wasiƙa daga Fensilbeniya: mu gode wa Ubangiji

Zuwa ga iyayena, yayyena da ƙannena cikin Almasihu, na Garkida da Biu, Lassa, Mubi, Michika, Chibok, da duk inda aka watsu. Salamar Ubangijinmu Yesu ta kasance tare da ku. Ina gaishe ku da zafin bazara, ina kuma gaida yara da masu jinya.

Ina rubuto muku ne a watan Maris daga gundumar Lankasta a jihar Fensilbeniya ta Amurka, kuma dalilin wasiƙar guda ɗaya ne: bakina ya cika da godiya, ba na so in yi ta ni kaɗai.

Ranar 17 ga wannan wata za ku taru a majami'u domin tuna ranar da aka kafa ekklesiyarmu, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A irin wannan rana a 1923 ne 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida. Kulp ɗan wannan jiha ne da nake zaune a ciki. Idan na bi ta ƙauyukan nan, na ga gonakin masara da rumbunansu dogaye, na ga manoman Amish, wasu Kirista masu riƙe da rayuwar gargajiya, suna huɗa da dawakai da alfadarai har yau, sai in tambayi kaina me ya raba saurayi da ƙasa mai albarka haka ya kai shi bakin kogin Hawul. Bai cika shekara biyu a can ba ya binne matarsa Ruth da jaririnsu, a 1924. Da ya tattara ya dawo gida, babu mai ganin laifinsa. Amma aikin bai tsaya ba. Aka yi asibiti a Garkida, aka buɗe wurin jinyar kutare, bishara ta kai Lassa da Marama da Chibok, aka gina makarantun Waka a Biu. A 2023 Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta cika shekara 100, kuma yau ta ninka uwar ekklesiyar 'Yan'uwa ta Amurka da ta aiko su Kulp yawa nesa ba kusa ba. Wannan ba dabarar Bature ba ce, ba kuma ƙoƙarin Babur ko Margi ko Kamwe ba ne. Amincin Allah ne.

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce, ai mai zaune a Amurka da wutar da ba ta ɗaukewa ba zai rasa bakin godiya ba. Ya yi gaskiya a wani ɓangare, shi ya sa ba zan koya muku godiya ba. Daga wurinku na koye ta.

Dukanmu mun san 2014. A daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan ekklesiyarmu. Ranar 29 ga Oktoba hedkwatarmu ta Kwarhi da garin Mubi suka faɗa hannun Boko Haram, shugabanni suka koma Jos, mutanen Gwoza suka tsallaka duwatsu zuwa sansanin Minawao a Kamaru. A Fabrairun 2020 aka shiga Garkida kanta aka ƙone majami'u. To, a tsakiyar 2015, tun raunin yana ɗanye, mawaƙan Zumuntar Matan Ekklesiya suka zo ƙasar nan, suka zaga jihohi har zuwa babban taron shekara na 'Yan'uwa a Tampa. Tsofaffin majami'ar da nake zuwa har yau suna ba da labarin. Mata cikin anko, da yawansu ba su da gidan komawa, suka tsaya suna rawa suna yabon Allah. Wata dattijuwa ta faɗa mini cewa sun shirya za su yi musu ta'aziyya, sai ga shi su ne aka ta'azantar. Ba ta ji kalma ɗaya ta Hausa ba, amma ta gane cewa waƙar godiya ce.

Littafin Makoki ma a kan kufai aka rubuta shi, bayan an rushe Urushalima, kuma a tsakiyarsa ne, a sura 3, aka ce jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya, amincinsa kuma mai girma ne. Habakuk ya lissafa ɓaure da bai yi toho ba, gonar da ba ta ba da abinci ba, garken da ya ƙare, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah. Mutanen nan ba masu jin daɗi ba ne. Godiyar da ake jira sai komai ya daidaita kafin a yi ta, a ganina, ba za ta taɓa zuwa ba, domin duniyar nan ba ta daidaita gaba ɗaya ga kowa.

Bari in ba ku labarin abin da ya tsokano wannan wasiƙa. Arewa da mu akwai wani tafki a wurin da ake kira Middle Creek. Kowace shekara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, fararen dinya sukan yada zango a nan a hanyarsu ta komawa can ƙuryar arewacin Kanada inda suke ƙyanƙyasa. Ba ɗari ba, ba dubu ba. A wasu shekaru adadinsu a rana ɗaya yakan haura 100,000. Mun je da asuba cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Ruwan ya yi fari fat kamar an shimfiɗa auduga. Rana na ɓullowa sai suka tashi gaba ɗaya, da ƙara mai toshe kunne, sama ta rufe. Mutane da yawa suka ɗaga wayoyi. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, domin shamuwa na tuna. Nan da 'yan makonni za ta sauka a kan itatuwan garuruwanku, tsofaffi su ce a gyara fartanya, damina ta kusa. Annabi Irmiya ya ce shamuwa ta san lokacinta. Wane ne ya gaya wa dinya cewa ƙanƙarar arewa ta fara narkewa? Wane ne ya nuna wa shamuwa hanya daga kudancin Afirka zuwa Biu? A shekarar da aka ƙone garuruwa, tsuntsayen nan ba su fasa zuwa ba, ruwan sama bai fasa sauka a kan gonakin da masu su suka gudu ba.

Alkawarin da Allah ya yi wa Nuhu a Farawa 8 sai da na zo nan na ga faɗinsa: shuka da girbi, sanyi da zafi, dare da rana ba za su daina ba. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, itatuwa su zama kamar matattu. Yanzu kuwa ga toho yana fitowa a kan reshen da jiya ƙanƙara ta lulluɓe. Ku karanta Zabura 104 a hankali; duwatsu, maɓuɓɓugai, ciyawar dabbobi, har da sheƙar tsuntsu, babu wanda aka manta.

Amma akwai abin da ke damuna. Hotunan da ake turo mini daga gida suna nuna buhunan gawayi jere a bakin titi, tuddan da muka sani da kuka da ɗorawa da kaɗanya sun zama fili. Na san talauci ne da tsadar gas da kananzir, ba na zargin uwar da ke neman abin dafa tuwo. Duk da haka ba daidai ba ne mu rera yabon Mahalicci ran Lahadi, ran Litinin mu sare abin da ya dasa ba tare da mun mayar ba. Ekklesiyar da aka haifa a gindin itace ya kamata ta fi kowa dasa itace. Ina roƙon matasa da zumuntar mata, idan ruwa ya sauka bana, kowace majami'a ta dasa tsamiya ko mangwaro ko dogon yaro, a kuma sa wanda zai riƙa ba su ruwa da rani.

Cikin godiyarku kada ku manta da maƙwabtanmu Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu lokacin gudu, da waɗanda muke zaune tare da su a Gurku ta jihar Nasarawa, inda 'yan gudun hijira na addinan biyu suka gina gari guda. Su ma hannun Allah ne a gare mu.

Mu a nan muna ambaton sunayen 'yan matan Chibok da ba su dawo ba cikin addu'a, da 'yan'uwan da har yanzu ke Minawao, da gwauraye da marayu. Ku ma ku riƙa tunawa da mu. Kaɗaici a ƙasar nan ba ƙaramin gwaji ba ne, yaranmu kuma suna tasowa nesa da harshen da muka fara jin bishara da shi. A gaida fastoci da dattawa da malaman makarantar Lahadi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye ku a gona da kan hanya.

Ɗan'uwanku cikin Ubangiji,
daga Lankasta, Fensilbeniya.