Daga Agege zuwa Epe a kan sabuwar taya

Ranar da babur ya kayar da ni a Oshodi ko giya ta uku ban saka ba. Yayyafi aka fara, irin wanda ba ya wanke titi, sai dai ya taso da baƙin man da motocin haya na danfo da tireloli suka yini suna ɗigarwa. Wata danfo ta ci birki a gabana don ta kwashi mutum biyu, na ɗan matsa birkin gaba, sai kawai na ji kan babur ya ƙwace daga hannuna. Kafin in kai ƙarshen salati ina kwance a kwalta, ƙarfe mai nauyin kilo ɗari biyu da ɗoriya ya danne mini ƙafar hagu. Yaran Arewa biyu masu tura baro ne suka ɗaga shi, ɗaya yana ta "sannu Yallaɓai", ɗayan ya tsuguna yana shafa tayar gaba yana girgiza kai.

Babur ɗin V-Strom 650 ne na gwanjo, tsohon yayi marar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an matsa birki. Tun ina Kano na saka masa tayoyi masu manyan haƙora, don a lokacin duk ƙarshen mako ina cikin burji da yashi, ko wajen Falgore ko hanyar ƙauyenmu. A can sun yi mini rana. Da na dawo Ikko wajen Kawu, wanda ya fi shekara arba'in yana harkar goro a Agege, sai na zo da su yadda suke, ina jin daɗin yadda yara ke taruwa suna kallo. In faɗi gaskiya, kallon nan ne ya hana ni canza su. Wata takwas ina hawa tsakanin Agege da Ikeja da Apapa, ƙasa ko ta cikin cokali ba su taka ba, sai gurnani suke yi a kwalta kamar motar noma, hannuna yana zuwa gida da kyarma.

Da daddare Kawu ya haska tayar da tocilan, bai ce komai a kan ƙafata ba tukuna. "Ɗan nan, wannan ai ta tarakta ce. Gona ka zo yi Ikko?"

Washegari na ɗingisa zuwa wajen Baba mai faci da ke bayan layinmu, Bakatsine ne, ya yi acaɓa shekaru kafin gwiwa ta zaunar da shi. Shi ya nuna mini abin da ido ke gani amma kai bai ɗauka ba. Ya zuba ruwa a siminti, ya gangaro da tayar gaban ta bi ta ciki, ya ce in dubi sawun. Ɗigo-ɗigo ne kamar sawun kaza. Tsakanin haƙori da haƙori iska ce zalla, robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. A yashi da taɓo haƙoran nutsewa suke yi su kama. A kwalta babu inda za su nutse, sai su tsaya a sama, in ka taka birki su lanƙwashe. Ga su kuma sun ci a karkace, kowanne gabansa ya fi bayansa tsawo kamar haƙoran zarto, wanda shi ne sanadin kyarmar da nake ji. Ya ce, "Alhaji ƙarami, in kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take yi."

Masu irin wannan babur suna raba tayoyi da lissafin kaso. In ka ji an ce 50/50, rabi kwalta rabi daji ke nan, irin su Michelin Anakee Wild. In aka ce 90/10 ko 80/20, tayar titi ce da aka ɗan yi wa faffaɗan zane don ta iya jure burji, irin su Pirelli Scorpion Trail II, Metzeler Tourance Next, Bridgestone Battlax A41 da Michelin Anakee Adventure. Lissafin nan dai kamfanoni ne ke yi wa kayansu, ba ma'auni ɗaya ake bi ba, don haka ni abin da na yi shi ne na zauna na ƙirga tafiye-tafiyena na wata guda. Ko kaso ɗaya na ƙasa ban samu ba. Ruwa kuwa, a Ikko daga watan Afrilu har Oktoba kullum kana cikin shirinsa, Yuni da Yuli kam ba a magana.

Na fara da kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, don kowa ya san aljihu. Wani Inyamiri da ya tashi a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ya fito mini da tayar baya ta gwanjo, zanenta cike, baƙa wuluk tana sheƙi don an shafe ta da mai. Lambarta daidai da tawa: 150/70 R17 69V. Wanda bai saba ba, 150 faɗin taya ne a milimita, 70 tsayin gefenta ne a kaso na faɗin, 17 kuma girman wili a inci. R tana nuna yadda aka jera zaren da ke cikinta, kuma ba a so a haɗa mai R a baya da marar R a gaba sai in kamfanin babur ne ya ce a yi. Shi 69 yana nufin tana ɗaukar kilo 325, V kuma gudun da za ta jure har kilomita 240 a awa, wanda ni ko a mafarki ba na kai wa. Komai ya yi. Har na fara taya kuɗi, sai na tuna abin da Baba ya ja mini kunne a kai, na juya ta ina neman inda aka rubuta DOT. A ƙarshen layin akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: 1416. Mako na 14 na shekarar 2016. Lokacin a daminar 2023 muke, shekararta bakwai ke nan. Na sa farce na danna robar, kamar na danna ƙafar kujera. Da na matsa gefenta da hannu biyu sai ga ƙananan tsagu sun buɗe kamar faso.

"Maigida, da tsohuwar zuma ake magani," in ji shi yana dariya. Na ce ban da taya. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka ƙera ta. Wasu kamfanonin suna cewa a riƙa duba ta sosai in ta kai biyar, kada kuma ta wuce goma ko da ba a hau ta ba. Ko wanne ka bi, roba bushewa take yi, balle wadda ta sha zafin kwantena da ranar kasuwa.

Ƙarshe dai oda na bayar a wani shagon manyan babura, na jira mako biyu, na biya abin da zai sayi ragon layya mai ƙaho. Kawu da ya ji kuɗin sai da ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce a zamaninsu a nan Ikeja, titin Oba Akran, Dunlop ke ƙera taya, Michelin kuma na Fatakwal. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008, yanzu duk motsin dala sai ka ji shi a ƙafar abin hawanka. Ba zan faɗi wadda na ɗauka ba, ba talla aka ba ni ba. Ta 90/10 ce, gaba 110/80 R19, an ƙera su a farkon shekarar, ta bayan tsakiyarta roba mai tauri ce don kada miƙaƙƙen titi ya cinye ta, gefunanta masu laushi don kwana.

Wajen ɗaurawa ma sai da na tsaya a kai. Yaron Baba ya kusa juya ta gaban, ga kibiya a jikinta tana nuna inda za ta riƙa juyawa, shi ya saba da na acaɓa. Iska kuwa, da ƙafa ya so ya gwada, ya harba ya ji sauti. Na fito da gejina: 33 a gaba, 36 a baya, yadda aka rubuta a jikin babur ɗin, in da goyo ko kaya a kai ta baya 41. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Baba ya ƙara da cewa sabuwar taya santsi gare ta, kada in kwanta mata a kwana sai ta yi kilomita ɗari da wani abu.

Asabar bayan sallar asuba na tashi. Niyyata in zagaya ta Ikorodu in faɗa Epe, in dawo ta Lekki, don hanyar ta haɗa komai. Abin da na fara lura da shi tun a kan gadar Pen Cinema shi ne shiru. Gurnanin nan ya ɗauke, har ina jin ƙarar sarƙa, abin da na manta akwai shi. A kasuwar Mile 12 na tsaya wajen mai shayi, tireloli na sauke tumatir da albasa, ruwan ruɓaɓɓen tattasai ya kwanta a gefen titi. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a ranar 1 ga Yunin 2022, aka kuma ƙara huɗu a Satumba har da Kosofe inda kasuwar take, da yawan yaranmu sun koma dako. Uku daga cikinsu suka kewaye babur ɗin. Ɗaya ya shafa tayar ya ce, "Oga, wannan ai ba ta da ƙarfi, sumul take." Ban yi masa gardama ba, wata biyu baya da ni zan faɗi haka.

Daga Ikorodu hanya ta ƙuntace. Na wuce Imota, inda aka buɗe katafaren injin casar shinkafa na jihar a Janairun 2023, na wuce Agbowa, daji ya rufe gefe da gefe, kwakwar manja da gora. A kwanonin wajen na fara jin bambancin da ya fi shirun muhimmanci. Da tsohuwar taya babur turjewa yake yi in zai shiga kwana, sai kuma ya faɗa gaba ɗaya lokacin da ya hau haƙoran gefe. Wannan a hankali take kwanciya, gwargwadon yadda ka nema.

Kafin Itoikin ta nuna mini iyakarta. Akwai wani wuri da kwalta ta ɓare, ruwan daren jiya ya kwanta, manyan motoci sun dama jar ƙasa ta koma kamar kunun kanwa. Tsawonsa bai fi filin ƙwallo biyu ba. Ina shiga zanen tayar ya cike da taɓo, ta zama sanƙo, bayan babur ya fara rawa hagu da dama. Na sauke ƙafa biyu, giya ta ɗaya, ina sakin kuloci kaɗan-kaɗan, zufa na bin bayana a cikin jaket. A nan na tuna haƙoran da na raina. Ina cikin wannan fama sai ga wani yaro a kan Bajaj, ya goyo mata biyu da buhun garin rogo, ya bi ta gefena ko ƙafa bai sauke ba. Ya waiwayo ya ce, "Sannu da aiki, Alhaji!" Daga jin harshensa ɗan wajen Sakkwato ne. Siririyar taya da babur marar nauyi, taɓo yanka shi suke yi. Minti goma na yi a wurin da ya wuce a cikin ɗaya, ban faɗi ba dai, alhamdulillahi.

Epe na isa da hantsi. Kasuwar kifi ta Oluwo tana bakin ruwa, mata ne ke riƙe da ita, kifi na motsi a cikin manyan robobi da kwanduna. Na sayi tarwaɗa busassa ta Kawu, na ci gasasshen kifi a tsaye, na yi azahar a wani masallaci, na kamo hanyar Lekki. Faffaɗan titi ne, tankoki da manyan motocin da ke zirga-zirgar wajen matatar Ɗangote sun cika shi. Daga Ajah cunkoso, ba abin labari.

Hadarin da ya biyo ni tun Sangotedo a kan gadar Third Mainland ya sauka. Kilomita kusan 12 ce gadar, ba wurin fakewa, ba inda za ka tsaya, iska na bugowa daga kan ruwa tana tura babur gefe. Abu uku ne ke tsorata mai babur a wurin: farin fentin layi, ƙarafan da ke mahaɗar gada, da ruwan da ke taruwa a sawun manyan motoci. Ƙafata ta hagu ta fara tuna mini Oshodi. Wajen tsakiyar gada wata mota ta yanko gabana, fitilun birkinta suka kama. Na matsa birkin gaba da yatsa biyu ina jiran kai ya ƙwace. Bai ƙwace ba. Gaban babur ya ɗan duƙa, gudu ya ragu, na ji kwalta a tafin hannuna. Robar irin waɗannan tayoyin ana cakuɗa ta da sinadarin silika don ta riƙe jiƙaƙƙen titi, tsagin jikinta kuma yana watsa ruwa gefe. Baba ya faɗa mini, na kuma karanta, amma a wannan daƙiƙar na yarda. Na sauka Oworonshoki hannuna na rawa, wannan karon ba taya ce ta sa ba.

Ana kiran magariba na shigo layinmu, agogon babur ya ƙara kusan kilomita 200. Baba bai tashi ba. Ya haska tayar baya, ya bi gefenta da yatsa inda ƙananan gashin roba suke nan ba su taɓa ƙasa ba, ya ce, "Tsoro bai bar ka ka kwanta ba." Na ce taɓon Itoikin ma ya ishe ni kwanciya. Ya tambaya ko zan bar masa tsofaffin, akwai mai so. Na ce a'a. In Allah ya kai mu babbar sallah da babur zan je gida, daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidanmu kuwa yashi ne har idon sawu. Suna nan a bayan buhunan goron Kawu, kullum sai ya yi mitar sun tare masa wuri.