Aikin faɗaɗa filin jirgi a Damagaram: abin da shantiye, wato wurin aikin, ya koya mana

Duk wanda ya taɓa shiga bas daga Damagaram zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ya sauka ƙafafu a kumbure, ba sai an yi masa wa'azi kan amfanin filin jirgi ba. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, ga jami'a, ga ma'aikatan agaji masu bin jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya zuwa Diffa da Agadas, zirga-zirga ta ƙaru. Tambayar mutanen gari kuwa ɗaya ce: yaushe babban jirgi zai riƙa sauka? A ganinsu magana ce ta ƙara kwalta kawai. Ni a ɓangaren awon ƙasa da shimfiɗa na yi aiki, kuma zan iya cewa kwaltar ce ta fi komai sauƙi.

Lissafin farko da ya ba mu mamaki na zafi ne. Tsawon titin tashi da sauka da kamfanin ƙera jirgi ke rubutawa a littafinsa na bakin teku ne, a yanayin digiri 15. Damagaram kuwa tana kan tudun da ya kai mita 460, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin rana na kai digiri 40 ba wuya. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dogara da wuri, injin ma ƙarfinsa na raguwa. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ita ce a ƙara kashi 7 cikin 100 kan kowace mita 300 ta tudu, sannan a ƙara kashi 1 kan kowane digiri da ya haura ma'aunin da ya dace da wannan tudun, wanda a nan digiri 12 ne. Tudu ya ba mu kusan kashi 11, zafi ya ƙara 28 a kan wannan. Jirgin da mita 2,000 ke isarsa a bakin teku, a nan sai ya nemi sama da 2,800 in zai tashi cike da rana tsaka. Ƙarin ma in ya wuce kashi 35, ƙa'idar ta ce a ajiye wannan lissafi na gaggawa a yi nazari na musamman da littafin jirgin kansa. Tsohon titin nan mita 1,800 ne da ɗoriya. Ya ishi ƙaramin jirgi irin ATR 72 mai tan 23, amma Boeing 737-800 mai tan 79 dole ya rage kaya ko mai, ko ya jira sanyin asuba.

Daga nan sai ƙasa. Damagaram garin duwatsu ne, kuma wannan rahama ce da wahala a haɗe. Tsakuwar da ake fasawa daga dutsen nan tana da ƙarfi, ba ta niƙewa ƙarƙashin taya. Amma in kana tona sai ka ci karo da dutse a nan, taku ashirin gaba kuma rairayi ne zalla. Titin da rabinsa ke kan dutse rabinsa kan cike ba ya zama daidai, a mahaɗar yake tsagewa. Mun koyi sassare kan dutsen ya yi ƙasa da kamar santimita 30 zuwa 50, a cike da marmara iri ɗaya da ta gefe, don shimfiɗar ta zama bai ɗaya. Suri ma haka: in ka baje shi da buldoza ka wuce, ramukan gara suna nan ƙasa, bayan damina ɗaya wurin ya lotsa. Sai an tone har gindi.

Marmara ba duka ce marmara ba. Kowane rami da za a ɗebo sai an kai samfurinsa ɗakin gwaji. Ana auna ƙarfinta na ɗaukar nauyi da ma'aunin da ake kira CBR: ta shimfiɗar ƙasa ana neman 30, ta sama 80, kuma samun mai 80 da wuya, shi ya sa ake gauraya ta da siminti kashi 3 zuwa 4, ko a sa fasasshen dutse. Ana zuba ta hawa-hawa, kowane hawa santimita 15 zuwa 20 bayan daɓe, ba a wuce haka. Direban tifa yana son ya juye tuli guda ya tafi, amma rola ba ta danne santimita 40, sama ce kawai ke yin ƙwari, ƙasa tana nan sakayau.

Abin da ya fi cin ranmu shi ne ruwa, kuma duk ɗan Damagaram ya san dalili. Garin da ke jiran ruwan Gogo da Machaya da Aroungouza, inda ƴan ga-ruwa ke layi tun asuba, ba za ka sa tanka a famfonsa ba tare da ka taɓa tulun wani ba. Ga lissafin: mita 300 tsawo, 45 faɗi, kaurin santimita 20, mita kubik 2,700 ke nan, kusan tan 5,700 na marmara. A rani busasshiya take ƙamas, sai an ƙara mata ruwa kamar kashi 7 na nauyinta, wato lita 400,000, tanka 20 masu lita 20,000. Hawa ɗaya ke nan, ba a sa kafaɗun titi ba, ba a sa wanda rana da iska za su sha ba. Kuskurenmu na farko shi ne yayyafi da hantsi. Kafin girada ta juya, rabin ruwan ya tashi, awo ya nuna kashi 91 ko 92 na Proctor, wato ma'aunin daɓuwar ƙasa, alhali 98 ake nema, sai a kwance hawan a sake. Da muka koma jiƙa marmara da yamma tun tana tule, ta kwana ta sha, a baje ta da asuba, ruwan da muke kashewa ya ragu sosai. Wani dattijon direban rola ya nuna wa yaranmu awon hannu: ka damƙi ƙasar ka matse. In ta watse, ƙishi take ji. In ta bar maka laima a tafi, ta ƙoshi har ta wuce. In ta dunƙule kamar fura, ka sake ta daga tsayin ƙugu ta rabu gida biyu ko uku, to a kira rola. Wani matashin injiniya ya ce masa, "Baba, ai akwai na'ura." Ya ce, "Akwai, ɗana, amma kafin ta iso daga ofis rana ta shanye ruwanka." Na'urar dai ita ke da maganar ƙarshe a takarda, sai dai ban taɓa ganin sun saɓa da yawa ba.

Kwalta, ko gudron kamar yadda muke cewa, a irin zafin nan mai tauri ake zaɓa, mai lamba 35/50, don mai laushi tana yin kwari a inda taya ke bi. Tana barin injin dafawa da zafin digiri 150 zuwa 160, kuma dole a gama daɓe kafin ta sauko ƙasa da 90. Da bazara wannan ba matsala ba ce. Da hunturu, tsakar dare, iskar arewa maso gabas na kaɗawa, tifar da ba a rufe da tampol ba takan iso da ɓawon burodi a sama, kuma wannan ɓawon in ya shiga shimfiɗa shi ne ramin baɗi. Hazo kuma yana da tasa ɓarnar. Ana fesa ruwan kwalta mai ɗanko tsakanin tsohuwar shimfiɗa da sabuwa, in ƙura ta kwanta a kai kafin a zuba, ba za su kama juna ba. Wata biyu sai ka ga sabuwar ta zame kamar fatar albasa a inda jirgi ke taka birki. Saboda haka muka daina fesa fiye da abin da za a rufe cikin awa ɗaya.

Wahalar filin da ke da titi ɗaya ita ce ba ka da inda za ka karkata jirage. Ko a rufe filin, ko a yi aikin dare a buɗe da safe. Aikin dare yana da tsari mai tsauri. Sai an fitar da sanarwa ga matuƙa jirage, wadda ake kira NOTAM, sai hasumiyar kula da jirage ta ba da izini ta rediyo kafin mota ɗaya ta taka titi. Abin da aka fara a dare sai an gama faɗinsa duka, mita 45, ba a barin rabi. Mita 100 mai kaurin santimita 5 tana cin tan 540, don haka ƙarfin injin dafawa da yawan tifofi su ke yanke tsawon da za a ci, ba burin shugaban shantiye ba. Inda aka tsaya ana yin gangare na wucin gadi, kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, wato tudun santimita 5 a baje shi kan mita 5 zuwa 10, kuma ana tafiyar da aikin ta yadda yawancin jirage za su riƙa gangarowa daga sabuwa zuwa tsohuwa, ba su yi karo da tudu ba. Dare na gaba a kankare gangaren a ci gaba. Kafin gari ya waye a ja layin tsakiya da fenti, sannan abin da ba a wasa da shi: mutum goma sha biyar ko ashirin su jera kafaɗa da kafaɗa, kowa da buhu, su taka titin daga farko zuwa ƙarshe suna tsintar tsakuwa, ƙusa, murfin gora, ledar ruwa. Tsakuwa ɗaya kamar ƙwallon dabino in injin jirgi ya zuƙe ta, ta isa ta kwantar da shi. Muna ƙirga kayan aiki da shiga da fita. Ranar da sifana ɗaya ta ɓace, ba a buɗe titi ba sai da aka gan ta cikin ciyawar gefe.

Mutane kan yi dariya in ka yi maganar magudanar ruwa a garin da ruwan shekara bai fi milimita 400 ba. Amma yawancinsa a Yuli da Agusta yake zuba, kamar da bakin ƙwarya. Titi mai mita 2,000 da faɗin 45, in aka yi ruwan milimita 50, lita miliyan huɗu da rabi ce ke gangarowa daga kansa. Ana ba titin doro a tsakiya, gangaren kashi 1.5 kowane gefe, don kada ruwa ya kwanta taya ta yi sulɓi. Wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne inda ruwan zai je, da kuma rairayin da iskar rani ke cika lambatu da kwalbati da shi wata bakwai. In ba a yashe su a watan Mayu ba, ruwan farko zai bi gefen kwalta ya ci ƙarƙashinta. Ramin da aka ɗebi marmara ma kada a bar shi kusa: ya zama tabki, tabki ya kira balbela da shamuwa, su kuma ba sa jituwa da injin jirgi. Ƙa'ida ta ce a sa ido kan juji da mayanka da duk abin da ke tara tsuntsaye har nisan kilomita 13.

Wurin da jirage ke tsayawa kankare ya fi dacewa da shi, don man jirgi yana narkar da kwalta, nauyi a tsaye cikin rana kuma yana nutsa taya. Da dare ake zubawa, a yanka mahaɗai da zarto kafin ya tsage da kansa, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu aƙalla kwana 7. Ruwa kuma ke nan.

To, ko an gama duk wannan, babban jirgi ba zai zo ba in ƴan kwana-kwana ba su kai matakinsa ba. Matakin da tsawon jirgi ake auna shi. ATR 72 mai mita 27 mataki na 5 ne: mota ɗaya, lita 5,400. Boeing 737-800 mai mita 39.5 mataki na 7 ne: mota biyu, lita 12,100, da kumfa, da mutanen da za su isa kowane ƙarshen titi cikin minti 3. Ƙarin tsawon titi yana nisanta ƙarshensa daga garejinsu, abin da ba mu tuna ba sai da aka riƙe agogo aka gwada. Fitilu ma haka: na gefen titi tazararsu ba ta wuce mita 60, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke janareta ya kama cikin daƙiƙa 15, kuma fitilun PAPI huɗu masu nuna wa matuƙi gangaren digiri 3 sai an matsar da su an sake saita su duk lokacin da bakin titi ya matsa. Wayoyinsu a cikin bututu ake binnewa, a toshe bakin ramukan dubawa, in ba haka ba gafiya ta riga ka.

Saura maganar fili, wadda ba injin da ke warware ta. Bayan ƙarshen kwalta ana buƙatar mita 60 na sarari, sannan aƙalla mita 90 na wurin tsira ga jirgin da ya zarce, 240 in da hali. Daga can kuma akwai wani gangare da ido ba ya gani, kashi 2 cikin 100, wanda ba a yarda komai ya huda shi ba: a nisan kilomita ɗaya, mita 20 ke nan. Bene mai hawa biyu da tankin ruwa a kai, ko hasumiyar masallaci, ko eriyar waya, in suna mita 500 daga bakin titi sun riga sun shiga hanya. Gari kuwa yana tafiya wajen filin jirgi ne, don nan hanya take, nan filaye ke daraja. Da muka auna, kowace mita 100 da aka ƙara wa titi tana sauke wannan gangaren da mita 2 a kan gidajen da ke gabansa. Shingen waya kuma, inda duk ya datse tsohuwar hanyar gona ko burtali, a nan za ka tarar an yanke shi, awaki na kiwo ciki. Mun ɗinke wuri ɗaya sau huɗu. Bai daina yankuwa ba sai da aka zauna da mai unguwa da makiyaya, aka share musu hanyar zagaye da girada, aka bi ta da su a ƙafa har inda ta haɗu da tsohuwar.